Wutar Ɗan Fari

Ni na goya Sharfaddeen, don haka in ana maganarsa a gabana kada wani ya ce zai gyara mini zance. Sunana Rahamatu, ni ce yayar ubansa. Yanzu ko'ina ka bi tsakanin Gwarzo da Kabo sai ka ji ana Injiniya kaza, Injiniya kaza, har da masu rantsuwa wai tun yana zanin goyo suka ga alama. Ƙarya suke yi, ba abin da suka gani. Yaro ne mai majina da ƙiriniya kamar 'ya'yan kowa, sai dai shi hannunsa ba ya zama lafiya. Rediyon maigidana, Allah ya jiƙansa, sau biyu yana kwance ta, na biyun ma ba ta sake magana ba.

Mu mutanen Sabon Birni ne, ta ƙasar Gwarzo. Kakanninmu da sandar kiwo suka zo, mu kuma muka tashi da fartanya a hannu, amma har yau babu gidan da za ka shiga a unguwarmu ka rasa turke da 'yan shanu. Fillanci ya tafi ya bar mu, ni kaina ban wuce gaisuwa ba. Abin da ya ƙi tafiya shi ne kunya. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, ba ta yabonsa, in ma wani ya yabe shi a gabanta sai ta tashi ta ba da wuri. Kowa na yi, amma yawanci in yaro ya girma sai a sassauta. Ban da Maiturare, matar ƙanena Badamasi, uwar Sharfaddeen. Ita kam ta ɗauki abin da zafi, kamar don ita kaɗai aka yi shi.

Ana yaye shi aka miƙo mini shi, na tafi da abina Dugabau, ta ƙasar Kabo, inda nake aure. A can ya yi firamare, ya yi sakandare a Kabo, daga nan ya wuce Kano karatun injuna. In Maiturare za ta tambaye ni shi, sai ta gama tambayar kaji da awaki da lafiyar maƙwabta, sannan ta kau da kai ta ce, “Yaya, ɗan naki fa?” Ɗan nawa. Haka take ce masa har ya yi gemu.

Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tana da wani madafi a ƙuryar gida, ɗan ɗaki ne na ƙasa mara taga, rufinsa ya yi baƙi ƙirin har yana ɗigo. Itace ya yi wuya a wajenmu, sai kara da totuwar masara da busasshen kashin shanu, in wutar ta ƙi kamawa a cusa mata leda. A cikin wannan ɗaki Maiturare take wuni, ta yi suya, ta tuƙa tuwon gida, ta fito idanu jajur tana share hawaye da gefen zani. Tarinta kuwa mun saba da shi har mun daina ji. In ka shigo gidan ba ka gan ta ba, sai ka saurara, tarin zai gaya maka inda take.

Wani hutu Sharfaddeen ya je gaishe su, ya kwana biyu ya dawo. Na zuba masa tuwo ya yi ta juya loma. Can ya ce, “Goggo, tarin nan na Inna tun yaushe take yin sa?”

Na ce, “Tun kafin ka san hannun damanka.”

Ya ce, “Hayaƙin nan ne fa yake cin ta.”

Na ce, “To, sai ta bar girki ku ci ƙasa?”

Kashegari na gan shi da wani tsohon duro na roba da tiyo da robar cikin tayar mota, ya nufi bayan ɗakina. Kafin in ankara yana dama kashin shanu da ruwa a bokitina na wanki. Na ce innalillahi! An kai ka birni ka yi karatu, ka dawo kana dama kashi kamar mai dama fura? Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, wai in aka rufe abin nan ruf ya ruɓe, wata iska yake fitarwa, iskar nan kuma tana kama wuta kamar gas ɗin 'yan birni. Na ce iskar kam na ji ta, ta hana ni cin abinci.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Na farko ya yi ta yoyo. Na biyu ya kumbura ya yi bindiga, ya fesa mini bango da shanyar kubewa, ranar kam na bi shi da muciya har ƙofar gida. Yaran gari suka sa masa suna Sarkin Turke. Ya koma makaranta, ya dawo, ya sake. Sai wata safiya ya kira ni, ya murɗa wani ɗan famfo, ya ƙyasta ashana. Wata wuta shuɗiya ta tashi tana huci a hankali, ba hayaƙi, ba toka, ba wari. Na ɗora ruwan shayi ya tafasa ina tsaye. Na duba gindin tukunyar na gan shi fes. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Da ya gama karatu bai tsaya neman aiki ba, Sabon Birni ya nufa. Ni ma lokacin na dawo gida da zama, bayan rasuwar maigidana. Ya sami ubansa ya ce yana so ya gina babba a gidan, na bulo da siminti a cikin rami, kusa da turke. Badamasi ya fara noƙewa saboda taki, don a wurinsa kashin shanu abincin gona ne. Da ya ji cewa ruwan da zai riƙa fita ta ɗaya gefen ya fi ɗanyen taki kyau, sai ya ce a yi. Ya tambaye shi, “Na wa za a ce ne?” Yaron nan ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gida ne, Baba.” Ka ji fa. Shi ma jinin ne. Shekara da shekaru yana fama saboda mace ɗaya, amma bakinsa ya kasa cewa na Inna ne.

Ya ja bututu daga ramin har rumfar da ke ƙofar ɗakin uwarsa, ya kafa murhun a nan. Ranar kunnawa gidan ya cika maƙil, har mai unguwa ya zo da mutanensa. Wuta ta kama, mata suka ɗauki guɗa, wata ta ce, “Maiturare, kin haihu!” Ina waiwayawa na ga labulen ɗakinta yana motsi. Ta shige, ba ta ƙara fitowa ba sai da kowa ya watse.

Da safe ta kira Asiya, matar ƙanen Badamasi, ta ce, “Ke ce mai ƙananan yara, ki riƙa girkinki a nan.” Ita kuma ta ɗauki karanta ta koma madafinta. Kafin rana ta ɗaga tarin ya fara.

Na bi ta har ciki. Hayaƙi ya tare ni a bakin ƙofa, na kutsa a haka. Na ce, “Maiturare, lafiyarki kuwa? Don wa kike zaton aka yi abin can?”

Ta ce, “An ce na gida ne, Yaya.”

Na ce, “Gidan ne yake tari?”

Ta yi ta juya ƙuli a cikin mai. Can ta ce, “Ki duba mini, Yaya. In zauna a tsakar gida, kowa ya shigo ya tarar da ni na baje a gaban wutar ɗan fari, ni kaɗai a duk unguwa? Me za a ce? Ta samu ɗa tana nuna wa duniya. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba.”

Na ce, “Su ɗin 'ya'yansu sun yi musu wuta ne suka ƙi?”

Ta ce, “Da dai abin na kowa ne, kamar rijiya, da ba mai kallon wani.”

Na fito ina masifa, idanuna na zubar da ruwa, rabi hayaƙi rabi takaici. Na sami Sharfaddeen a bakin ramin yana zuba damammen kashi. Na ce, “Tashi ka je da bakinka ka gaya mata don ita ka yi. Yau ɗaya dai ku ajiye kunyar nan, ba za ta kashe ku ba.” Ya wanke hannu ya tafi, ni kuma na laɓe a jikin rumbu. Ya durƙusa a ƙofar madafin. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya aiki, da godiya. Yaya sanyi, lokacinsa ne. Ya tambayi jan sa da ke ɗingishi, ta ce ya samu sauƙi. Ita tana kallon kasko, shi yana kallon ƙasa. Sai ya ce, “To, a huta lafiya,” ya tashi. Na ji kamar in kama kawunansu in gwara.

Da yamma na gaya masa abin da ta ce game da rijiya. Ni a matsayin ƙorafi na faɗa. Shi kuwa sai na ga ya ɗago kai ya ce, “Haka ta ce? In kowa yana da shi za ta yi?” Na ce haka dai na ji. Ya ce, “To, kowa zai samu.”

Wannan shi ne asalin abin da ake ta yabonsa a kai yanzu. Baƙi suna zuwa da motoci su ɗauki hotonsa, su ce kishin talakawa ne ya sa ya ƙi birni. Kishin yana da shi, ban hana ba. Amma ni da nake wurin na san yaro ne yake neman hanyar da uwarsa za ta zauna a gaban murhu ba tare da ta ji kunya ba.

Gidajen unguwarmu ba su da yawa, amma ba su da ƙarfi. Ya tsara cewa masu gida su haƙa rami su kawo yashi, shi ya kawo siminti da bututu. Saniyar da kakansa ya ba shi ranar suna ta hayayyafa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kai kasuwa. Da suka ƙare sai ya fara karɓar aiki a waje, Dugabau, Kabo, cikin Gwarzo, gidajen masu hali da wata makarantar kwana, abin da ya samu ya dawo ya zuba a unguwa. Wani kamfani a Kano ya neme shi, ya ce sai ya gama wani aiki tukuna. Ga damina in ta sauka ba a haƙa rami. Ga sanyi in ya yi yawa iskar sai ta ragu, a zo ana kiransa wai wuta ta mutu. Wata ma ruwan omo ta juye a ciki, ramin ya yi wata guda bai ba da komai ba. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk siminti ya cinye. Duk gidan da aka kunna, in na kawo labari, Maiturare sai ta ce, “Allah ya sa alheri,” ta ɗauki karanta.

Aka yi damina biyu ana wannan. A ta biyun ne na ga jini a gefen zaninta. Muka kai ta asibiti a Gwarzo, suka tura mu Kano. Likitan ya ɗaga hoton ƙirjinta ya tambaya ko tana shan taba. Na ce wace irin taba, matar da ko goro ba ta ci? Ya ce to huhunta na wanda ya shekara talatin yana sha ne, kada ta ƙara kusantar hayaƙi. Sharfaddeen yana tsaye a bakin ƙofa yana ji.

Muka dawo, Asiya ta karɓi girkin gida. Amma da Maiturare ta ɗan ji ƙarfi sai in tarar ta lallaɓa madafi, wai tuwon maigidanta ba ya daɗi a hannun kowa. Wata rana na ɗebo ruwa a tulu na sheƙa a murhun madafin, na ce in ta ƙara sai na rushe ɗakin da hannuna. Ta dube ni ta ce, “Saura gida nawa, Yaya?” Ashe tana lissafi. Na ce saura na Malam Datti.

Malam Datti tsoho ne mai taurin kai, gidansa ne na ƙarshe ta wajen fadama. Ya rantse ba zai ci abincin da aka dafa da tusar kashi ba. Sharfaddeen ya je ya fi a ƙirga. Ya kai masa liman ya yi masa bayanin cewa kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, ya ce ya ji, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ni ma na je, muka rabu baram-baram. Har rani ya raba tsakiya yana nan a kan bakansa. A ƙarshe matarsa ce ta gaji ta ce masa, “Malam, tuwon da kake ci tun kaka a gidan maƙwabta nake tuƙa shi, a kan wutar nan, har kana cewa na ƙara iya miya.” Ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana, a na uku ya aiko a zo a haƙa.

Sai dai ramin ba ya ba da wuta ranar da aka gama shi. Sai an cika shi an rufe, an jira makonni ya nuna. Sharfaddeen ya roƙi ruwan tsofaffin ramuka ya zuba don ya yi sauri. Kullum da safe sai ya je ya ƙyasta ashana, ba komai. A cikin jiran nan Maiturare ta kwanta. Numfashinta ya koma kamar ana jan zarto, daga ɗaki zuwa bakin ƙofa sai ta huta.

Ranar da abin ya faru ba ya gari. An kira shi Kabo tun da sassafe, wani bututu ya fashe. Da hantsi muka jiyo guɗa daga wajen fadama. Matar Malam Datti ce ta gwada da kanta, wuta ta kama. Ina zaune a gefen gadon Maiturare, na ga ta buɗe ido. Ta ce, “Gidan Datti ne?” Na ce shi ne. Ta ce, “Kama ni, Yaya.”

Na tallabe ta, ba nauyi ko kaɗan. Na zaunar da ita a kan kujera 'yar tsuguno a gaban murhun da ya shekara biyu a ƙofar ɗakinta. Ba ta ma san inda ake murɗawa ba, sai da na nuna mata. Ashana ta farko ta mutu, ta biyu ta kama. Ta zuba wa wutar ido ta daɗe. Ta miƙa tafin hannu ta ji zafin, ta sunkuya ta shinshina. Ta ce, “Ashe da gaske ba ta da hayaƙi.”

Na ce, “Da kin zaci ƙarya muke yi?”

Ta ce, “Ban taɓa matsowa ba.” Ta sa na kawo mata gasara da tsamiya, ta dama kunu da kanta, ta hana ni taɓa ludayin. Ta juye a kwanon sha ta rufe da faifai. Ta ce, “Ɗan naki ya iya, Yaya. In ya dawo ki ba shi. Ki ce ke kika dama.”

Na ce to. Amma ni ba a haife ni da irin wannan haƙurin ba. Ya dawo bayan la'asar, duk jikinsa ƙura, ya riga ya ji labarin gidan Datti a hanya. Na miƙa masa kwanon na ce, “Uwarka ce ta dama, a kan wutarka, ta ce in ce ni ce.” Ya tsaya riƙe da kwanon. Kunun ya huce, har ya yi fata a sama. Ya shanye shi tas a tsaye. Sannan ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya ce, “Inna, sannu da aiki.”

Tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, “Aikin Goggonka ne.”

Ya ce, “To, Allah ya saka mata da alheri.”

Ta ce, “Amin.”

Ba ta ƙara tashi ba. Kafin ruwan farko ya sauka muka kai ta makwancinta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, da ita, da shi, da Datti, da duk wanda ya fara koya mana cewa son ɗa abin ɓoyewa ne. Mace ta yi shekara biyu tana wuce maganinta a ƙofar ɗaki, safe da yamma, saboda kada a ce.

Bayan an share makoki ya zo ɗakina ya zauna a bakin tabarma. Ya daɗe yana wasa da zaren tabarmar. Ya ce, “Goggo, ni ban gani ba. Da ta zauna a gaban wutar, ta daɗe?”

Na ce, “Ta daɗe. Har ta miƙa hannu ta ji ɗuminta.”

Ya ce, “Ta yi tari?”

Na so in ce a'a, Allah ya sani na so. Na ce, “Ta yi, ɗana. Wutar ba hayaƙi, amma ta yi.”